Aikin shekaru a lokacin da rayuwa ta juya: kowa ya kawo abin da ya gani

Mai zanen fenti: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da mutuwar aurena, na bar gidan da na yi shekara 11 ina zane a ciki. Cikin gaggawa na naɗe zane-zanena na fentin mai a leda, na jingina su a ɗakin ajiyar wata 'yar'uwata. Ranar da na kwance, ledar ta manne a fuskar guda huɗu, bayan wasu kuma duk funfuna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne guda uku da suka rage a can gidan. An ce wai kyauta na bayar, ni kuwa ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da zan nuna. Don Allah duk wanda irin wannan ta taɓa samu, ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai ɗaukar hoto: Sannu ƙanwata, Allah ya musanya miki da alheri. Ni ciwo ne ya kayar da ni, wata biyar ina kwance. Hotunana na shekara 20 suna cikin faifan ajiya guda ɗaya tal, kuma ba mai sanin kalmar sirrina sai ni. Ina kan gadon jinya ina tuna mai ɗaukar hoto Vivian Maier, wadda aka yi gwanjon hotunanta a Chicago a 2007 saboda ta kasa biyan hayar ɗakin ajiya, ta rasu a 2009 kafin duniya ta san darajar aikinta. Da na samu sauƙi sai na yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani faifan da na kai gidan yayana, ɗaya a intanet. Shi ma na intanet ɗin kada a saki jiki da shi, domin tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Akwai wurin da ake saka sunan wanda zai karɓi bayanai idan mutum ya daɗe bai shiga ba, na saka matata.

Mawaƙi: Nawa hijira ce. Na bar ƙasa, na bar asalin ɗaukar waƙoƙina a situdiyon da muka yi aiki, bisa amana. Bayan shekara biyu aka rufe wurin, aka sayar da kwamfutocin da abin da ke cikinsu. Abin da ya rage mini MP3 ne da aka matse, ba a iya raba murya da kiɗa yadda suke a asali balle a sake haɗawa da kyau. Idan gobarar ɗakin ajiyar kamfanin Universal a Amurka ta 2008 ta iya cinye asalin faya-fayan manyan mawaƙa, shafin intanet na MySpace kuma ya amsa a 2019 cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora na sama da shekara goma, ina ga ƙaramin situdiyo? Ku karɓi WAV ɗinku, wato sautin asali da ba a matse ba, kowace murya da kowane kayan kiɗa daban, tun ranar da aka gama aiki. Ku kuma sani haƙƙin waƙar da ka tsara daban, haƙƙin ɗaukarta daban. Ni sai da na rasa na gane.

'Yar masassaƙi: Yaya mai zane, batun guda ukun nan naki ne ya sa na kasa yin shiru. Ko da ta tabbata kyauta kika bayar, a dokar yawancin ƙasashe wanda ya mallaki zanen bai mallaki haƙƙin buga shi ko sayar da kwafinsa ba, sai idan kin miƙa masa a rubuce. Yarjejeniyar Berne ta 1886 tsakanin ƙasashe kan haƙƙin mallakar fasaha, yadda take a yanzu, ta sa haƙƙin ya kai aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai aikin, ƙasashe da dama ma 70 ne. Ki nemi lauya da duk tsofaffin hotunan da suka nuna kina zana su.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana ɗaki cike da sassaƙa, bai bar takarda ko ɗaya ba. Ba mu san wanda aka riga aka biya kuɗinsa ba, ba mu san wanda yake aro a hannun mutane ba. Mutum biyu suka zo da'awar abu ɗaya. Ni da ƙannena muka yi kusan shekara ba ma ga maciji, alhali dukanmu son aikinsa muke yi. Ba ƙaramin mutum kaɗai hakan ke samu ba: shahararren mawaƙin Amurka Prince ya rasu a 2016 babu wasiyya, sai 2022 aka kammala rabon abin da ya bari. Abin da har yau yake sa ni hawaye, akwai guntaye da bai ƙarasa ba, ban san ko zai so a nuna su ko a ɓoye ba. Tambaya ce ta minti biyar, ban taɓa yi masa ita ba.

Mai gyaran tsofaffin zane: 'Yar'uwa, kada ki fizge ledar, kuma kada ki goge funfunar da ruwa. Ki ware masu funfuna daga sauran, ki sa su inda iska ke ratsawa ba rana, ki kai wa mai gyara. Nan gaba a tsaye za ki jera su, a ɗage daga ƙasa, kwali a tsakani, kada komai ya taɓa fuskar fentin. Fentin mai yakan ɗauki watanni kafin ya bushe har ciki, ko da samansa ya yi kamar ya bushe.

Mai zanen fenti: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fitar da masu funfunar tun ɗazu. Na kuma sayi littafi, kowane zane da shafinsa: suna, shekara, girma, hoton gaba da baya, da wanda yake hannunsa yanzu. Na kai na 17. Ranar Litinin zan ga lauya.