Makina mai kyau ne, amma banki ya hana ni bashin gida: wa ya taɓa shan wannan a Ingila?

Maman Tagwaye, Bradford:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar dillalin da ke nema mana mogej, wato bashin sayen gida, ya kira ni ya ce banki ya ƙi. Shekarata huɗu a Ingila, ban taɓa makara da kuɗin haya ba, bashin wayata na gama biya tun bara, makina a Experian, kamfanin da ke auna yadda mutum ke biyan bashi, yana sahun sama. Wallahi har na auna tagogin falon don ɗinka labule. Wasiƙar tasu layi biyu ce, babu dalili. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana abin da ya kayar da shi.

Ɗan Fagge, Manchester:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da haƙuri. Ni adashi ne ya ja mini. Mu goma muke zubi, fam 500 kowane wata, da kwasata ta zo na samu fam 5,000 na haɗa da abin da na tara ya zama kafin alƙalami. Da suka karɓi sitatimen na wata uku sai suka ga mutum tara sun turo mini kuɗi cikin kwana biyu. Tambaya ta fara: su wa ye waɗannan? Bashi ne ko kyauta? Na zauna ina yi wa wata baturiya bayanin adashi a waya kusan rabin awa. Ta saurara da kyau, sannan ta ce: to ke nan akwai sauran zubi a kanka? Na ce e, wata shida. Ta ce a wurinsu wannan bashi ne da ba a rubuta ba. Gaskiya ban iya musa mata ba.

Kuɗin da yayana ya turo daga Kano ma sai da suka nemi takardar da ya sa hannu cewa kyauta ce, ba shi da haƙƙi a gidan, da shaidar inda shi ya samo kuɗin. Dokar hana halatta kuɗin haram ce ta ɗaure su, lauyan cinikin gidan ma zai sake tambaya. Bayan adashin ya zagayo na bar kuɗin ya kwanta a asusu wata shida, na sake nema a wani bankin, aka ba ni.

Nas Bakatsiniya, Leicester:
Yaya, naki na iya zama lissafi kawai. Albashina na asali fam 31,000 ne a shekara, da obataim yana kai 38,000. Ni da 38,000 na yi lissafi. Yawancin bankuna ba sa wuce ninki huɗu da rabi na abin da kike samu, tun 2014 ma Babban Bankin Ingila ya taƙaita yawan bashin da za su iya bayarwa sama da haka. Na nemi 166,500. Su kuma suka ce obataim ɗina bai daɗe ba, suka tsaya a kan albashin asali, wato 139,500 ke nan iyaka. Sannan suka cire kuɗin renon yara, da bashin mota, da fam 300 da nake tura wa Inna duk wata. Wannan na ƙarshen ya yi mini ciwo, amma a takarda kashewa ce da ba ta fashi. Maki shaida ne cewa kina biyan bashi. Ko aljihunki zai ɗauki wannan sabon nauyin, tambaya ce daban.

Malam na Luton:
Wace irin biza gare ki? Ni saura wata goma sha ɗaya tawa ta ƙare lokacin da na nema. Banki ɗaya ya ce sai mai takardar zama na dindindin, wani ya ce zai bayar in na ajiye kashi 25 cikin ɗari maimakon 10. Ina zan samo?

Direban Birmingham:
Ni da hannuna na haƙa ramin. Tasi nake ja, aikin kaina. Shekara biyu akantana yana zaftare kuɗin mai, inshora, gyara, har ribar da muka nuna wa hukumar haraji ta HMRC ta koma fam 14,000. Ina ta murna haraji ya yi sauƙi. Ranar neman mogej banki ya ce a kawo takardun haraji na shekara biyu, ya ninka wannan 14,000 ɗin. Abin da ya fito ko gareji ba zai saya ba a unguwarmu. Na ce musu ai ina samun fiye da haka, mutumin ya yi shiru yana kallona, sai ni ma na gane abin da na faɗa.

Anti Mai Kitso, Landan:
Ku daina ɗora wa kanku laifi duka, wani lokaci gidan ne ba sa so. Fulat ne a bene mai hawa tara. An amince da ni tun farko, sai mai kimanta gida ya je ya rubuta cewa darajarsa sifili. Na ɗauka kuskuren buga lamba ne. Ashe bayan gobarar benen Grenfell a Landan ta 2017 bankuna suka fara neman takardar EWS1 mai nuna an duba haɗarin wuta a dogayen benaye masu rufin bango na waje, wannan ginin kuwa ba shi da ita. Kuɗin lauya da na kimantawa duk sun bi ruwa. Ki tambayi dillalinki ko an ma kai matakin kimantawa, kuma in gidan na hayar ƙasa ne, wato mallakarsa ta wasu shekaru ce ƙididdigaggu, shekara nawa suka rage.

Ɗan Zariya:
Ba wa'azi na zo yi ba, amma ni saboda riba na bi ta bankin Musulunci, inda kuke sayen gidan tare kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali. Su ma sun mayar da ni karon farko, kafin alƙalamina bai kai abin da suke so ba. Binciken iri ɗaya ne, ba sani ba sabo. Abu ɗaya Hajiya: kada zafin rai ya sa ki bi bankuna kina cike fom a jere. Kowane cikakken bincike yana barin tambari a fayil ɗinki, na gaba zai gani.

Maman Tagwaye, Bradford:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na matsa wa dillalin da safen nan. Abu biyu ne. Bizata saura wata tara, kamar yadda Malam ya zata. Na biyu kuma da muka tashi daga tsohon gida ban sauya adireshina a rajistar masu zaɓe ba, kuma bankin da Equifax, wani kamfani irin Experian, yake duba mutane, ni ko sau ɗaya ban taɓa buɗe nawa a can ba. Na cike fom ɗin rajistar yanzu. Wurin aiki sun ce za su sabunta bizar a Maris. Mai sayar da gidan dai ya ce ba zai jira ba. Malam, da aka sabunta taka, kashi nawa suka nema a ƙarshe?