Direban Linux na shiga karon farko, karo na biyu sai ya ƙi da kuskure -16

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna yana da injin ɗaura ruwan leda a nan Kumasi, wajen Asawase, kuma kullum rigima ake da yaran aiki kan yawan ledar da ta fito. Sai na haɗa masa abin ƙirge da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi: ƙaramin ido mai haske a bakin injin, duk ledar da ta gifta ya tura sigina zuwa ƙafar GPIO, wato ƙafar allon da ke karɓar sigina daga waje. Na rubuta ɗan direba na Linux, wato modul da ke shiga cikin kanel, zuciyar Linux, na samo lambar IRQ (layin da na'ura ke kiran kanel ta kansa) da gpio_to_irq, na kama ta da request_irq. Aikin rubuta adadin kuma na tura shi workqueue, jerin ayyukan da kanel ke yi daga baya, don kada mai amsa kiran IRQ ɗin ya daɗe.

In na kunna na'urar na yi insmod na shigar da direban, lafiya lau, ƙirge na tafiya. Amma da na yi rmmod na cire shi na gyara wani abu na sake insmod, sai request_irq ta dawo mini da -16. Ba abin da ke warware shi sai na kashe na kunna. Abin da ya fi ɗaure mini kai, bayan na cire direban, in leda ta gifta gaban idon nan, na'urar gaba ɗaya sai ta sanƙare. Ko cat /proc/interrupts na buga kafin ta sanƙare don ganin jerin layukan IRQ, layina yana nan daram, sunan ya koma shirme. Na sa free_irq(irq, NULL) a wurin fita, don haka ban ga abin da na rage ba. Ko allon ne ya samu matsala? A hannu na saye shi a Adum.

Tsohon Injiniya, Nima:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ɗora wa allo laifi, lafiyarsa ƙalau. Ka duba mini abu na biyar da ka ba request_irq, wato dev_id. Na tabbata adireshin wani tsari naka ka sa a wurin, ba NULL ba. To free_irq da wannan adireshin take neman mai amsa kiranka a jerin waɗanda suka kama layin. Kamar ajiyar kaya ne a tashar Kejetia, takardar da aka ba ka da ita za ka karɓa. Ka miƙa mata NULL, ta duba ba ta ga mai wannan shaida ba, sai ta bar komai yadda yake. Ba ta hana rmmod ƙarewa, gargaɗi kawai take zubarwa. Buga dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, nan take bayan cirewa, za ka ga "Trying to free already-free IRQ" da lambar layinka.

Daga nan duk sauran alamomin suka fito. -16 ɗin EBUSY ce: layin yana hannun tsohon direban da ya riga ya tafi, kuma ba ku yi yarjejeniyar raba layi ta IRQF_SHARED ba, shi ya sa za ka ga saƙon "Flags mismatch" ma. Sunan da ya lalace a /proc/interrupts kuwa, ai cikin ƙwaƙwalwar modul ɗin yake zaune, an kwashe ta. Sanƙarewar ma haka, leda ta gifta, kanel ya yi tsalle zuwa adireshin da babu mai amsa kiranka a ciki kuma. Ka gode Allah da yake sanƙarewa nan take, wani lokacin shiru zai yi yana ɓata wani wuri.

Ɗalibin Ayeduase:

Yaya, ka huta da wannan wahalar, ka koma devm_request_irq kawai. Kanel da kansa zai saki layin, ba ruwanka da free_irq.

Tsohon Injiniya, Nima:

A'a ɗana, a bi a hankali. Na farko, devm sai da struct device take aiki, shi kuwa da alama module_init kawai yake da shi, babu probe. Na biyu, ko da ya mayar da shi direban platform, devm ba ta sakin layin sai remove ta gama ta dawo. Yana da workqueue. A ce cikin remove ya kira cancel_work_sync ya saki ƙwaƙwalwarsa, kafin kanel ya kai ga sakin IRQ sai wata leda ta gifta, mai amsa kira ya sake jera aiki a kan abin da aka riga aka kwashe. Irin wannan ba ya fitowa a teburin gwaji, sai ranar da injin ke gudu sosai. Ba na ƙin devm, ina amfani da ita, amma in za ka shiga to ka shiga da komai, har da devm_add_action_or_reset don soke aikin, domin tana warwarewa ne daga na ƙarshe zuwa na farko.

Da hannu tsarin shi ne: free_irq tukuna, don tana jiran mai amsa kiran da ke gudana ya gama. Sannan cancel_work_sync, sannan gpio_free da kfree. Kar ka riƙe makullin da mai amsa kiran yake buƙata sa'ad da kake kiran free_irq, za ku tsaya kuna jiran juna har abada. Ka kuma leƙa hanyar kuskure ta init: in request_irq ta yi nasara wani mataki na gaba ya faɗi, ba za a taɓa kiran module_exit ba, kai za ka saki layin da goto.

Ga masu katin PCI da ke raba layi, akwai ƙari: a rufe bakin katin ta rajistarsa kafin free_irq. In ba haka ba zai yi ta kira babu mai amsawa, kuma in 99,900 cikin 100,000 suka tafi a banza kanel zai ce "nobody cared" ya kashe layin ga kowa da kowa.

Maman Usaina, Tafo:

Ni tambayata daban ce. Ƙirgen leda me ya kai shi cikin kanel? Tun Linux 4.8 a 2016 akwai /dev/gpiochip0, da laburaren libgpiod za ka jira siginar daga shiri na yau da kullum a wajen kanel, kowace da lokacinta a maƙale. Shirin ya faɗi, kanel ya saki layin da kansa, injin kawu bai ma sani ba. In koyo kake yi, bismillah, ci gaba a gida. Amma abin da za a bari a masana'anta, ga ɗauke wuta ga yara masu taɓe-taɓe, ni dai ba zan sa modul na hannu ba.

Ɗan Aboabo:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Adireshin tsarina, &kirge, na sa a request_irq, gargaɗin kuma yana nan a dmesg yadda ka faɗa. Na daidaita su, na sa free_irq gaba da cancel_work_sync, na bar insmod da rmmod suna ta juyawa ina wuce hannu gaban idon, layin yana ɓacewa daga /proc/interrupts duk lokacin da na cire. Hajiya, maganarki ta shige ni, na kawu zan mayar da shi libgpiod, wannan na riƙe na koyo. Sai dai yanzu na lura leda ɗaya wani lokacin tana ƙirguwa biyu in ta karkace a bakin injin. A cikin mai amsa kira ya kamata in tace wannan da ktime_get, ko libgpiod tana da nata maganin?