Zagayen ƙafa don ganin zanen bango na mata a unguwar Mission, San Francisco: ta ina za a fara?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta mata a nan Kalifoniya na son shirya zagayen ƙafa a unguwar Mission da ke San Francisco, don a ga zane-zanen bango waɗanda mata suka yi. Mu kusan 20 ne, da dattijai biyu da yara kaɗan. Ta ina ya kamata a fara, a ina za a ƙare, kuma awa nawa zai ci? Ta yaya jagora za ta tabbatar cewa zanen da take nunawa hannun mace ne? Sai kuma maganar ɗaukar hoto, ko akwai doka a kai. Allah Ya saka da alheri.

Baban Sadik:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara daga arewa ku gangaro kudu. Unguwar shimfiɗaɗɗiya ce, ba irin tuddan da aka san garin da su ba, kuma duka tafiyar ba ta kai kilomita 4 ba.

Ku haɗu a tashar jirgin BART ta titi na 16 da ƙarfe 9:30 na safe. Ku bi titin Mission ku yi kudu, da zarar kun wuce titi na 17 za ku ga lungun Clarion a hannun dama. Tsawonsa kusan mita 170 ne, faɗinsa bai kai mita 5 ba, kuma tun 1992 ake zane a cikinsa. Minti 15 ya isa. Zai fitar da ku titin Valencia, ku yi hagu, a titi na 18 ku yi dama. Nan kaɗan za ku ga Ginin Mata (Women's Building), cibiyar ayyukan mata, lamba 3543, a kusurwar titi na 18 da Lapidge.

A nan ne za ku kashe lokaci, kada ya gaza minti 40. Zanen, wanda ake kira MaestraPeace, ya lulluɓe fuska biyu na benen tun daga ƙasa har sama. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsaya a gindin ginin ana ɗaga wuya, ba a ganin komai sai ƙafafu da bakin zane. Ku tsallaka ɗaya gefen titi na 18 ku tsaya daidai inda kusurwar ginin ke kallonku, daga nan ne ake ganin fuskokin biyu tare. Bayan an gama bayanin manyan siffofi sai a matso kusa a karanta sunayen mata da aka rubuta cikin zanen, sun haura 600. Dalilin zuwa da safe shi ne fuskar Lapidge, wadda hoton Rigoberta Menchú, 'yar gwagwarmaya daga Guatemala, ke can samanta, da hantsi take samun rana. Ta titi na 18 arewa take kallo, kusan kullum a inuwa take, don haka ita ba ta damu da lokaci ba.

Daga nan zuwa lungun Balmy kusan kilomita 2 ne, minti 30 idan da yara. Wannan ne wurin da mutane ke gajiya su fara watsewa. Dattijan su hau bas mai lamba 14 ko 49 a titin Mission su sauka a titi na 24 su jira ku. Daga nan sai a yi gabas, a wuce South Van Ness, Folsom da Treat, Balmy na hannun dama kafin Harrison. Ku shiga ta titi na 24 ku fita ta na 25, domin akwai filin shaƙatawa na Garfield a bakin fitar, yara su huta a sha ruwa. Sai a koma titi na 24, a wuce cibiyar masu zanen bango ta Precita Eyes a lamba 2981, a ƙarasa kusurwar York inda zanen Juana Alicia yake. Bas mai lamba 48 zai mayar da ku tashar BART ta titi na 24. Duka-duka awa 3, kun gama kafin azahar.

Mutum 20 sun yi yawa ga jagora ɗaya. A lungu mai faɗin mota guda, na baya ba sa ji, na gaba sun tare bangon. Ku rabu gida biyu, 10-10, da tazarar minti 15. Ku guji ƙarshen watan Mayu lokacin bikin Carnaval da kuma 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu ta mutanen Meziko, don unguwar cika take. Ruwan sama kuma tsakanin Nuwamba da Maris ya fi yawa.

Anti Rakiya:

Hanyar da Baban Sadik ya shata daidai ce. Ni tambayarki ta biyu zan ɗauka, don a nan ne zagaye irin wannan ke lalacewa.

Ganin mace a bango ba ya nufin mace ce ta zana. Unguwar cike take da fuskar Frida Kahlo, mai zane 'yar Meziko, da ta Maryamu ta Guadalupe, kuma maza ma na zana su. Abin da ake dubawa sa hannu ne, galibi a kusurwar ƙasa, da suna da shekara. Wadda za ta yi jagora ta je ita kaɗai mako guda kafin ranar, ta ɗauki hoton kowane sa hannu, wanda ya goge ta tambaya a Precita Eyes. Abin da ba ta tabbatar ba ta wuce shi.

Abu na biyu, kada a matsa sai an sami suna ɗaya ga kowane bango, domin yawancin aikin matan nan na gayya ne. MaestraPeace mata bakwai suka yi shi a 1994: Juana Alicia, Miranda Bergman, Edythe Boone, Susan Kelk Cervantes, Meera Desai, Yvonne Littleton da Irene Perez, da 'yan sa kai masu yawa, kuma aka sabunta shi a 2012. A faɗi sunayen bakwai ɗin duka, haƙƙinsu ne. Mu da muka saba ganin dagi da zayyanar soro a Zariya da Kano da Damagaram a matsayin aikin magina maza, abin da ya fi kama da wannan shi ne yadda matan Sirigu a arewacin Gana da na Tiébélé a Burkina Faso ke taruwa su zane bangon gida tare.

Sunan ma yana son bayani. Maestra a harshen Sifaniyanci malama ce ko gwana, aka haɗa ta da kalmar Turanci ta zaman lafiya. A fuskar Lapidge, Menchú, 'yar asalin Maya daga Guatemala da ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992, tana riƙe da siffofi biyu a tafukanta: Yemayá, wadda asalinta daga addinin gargajiyar Yarabawa ne, bayi suka tsallaka teku da ita, da Coyolxauhqui ta mutanen Aztek. Akwai kuma marubuciya Audre Lorde, da mai zane Georgia O'Keeffe, da likita Joycelyn Elders.

Amma tushen labarin ya girmi wannan zane da shekara 20, kuma babu shi a bango yanzu. A farkon shekarun 1970 Patricia Rodriguez da Graciela Carrillo suka yi zane a lungun Balmy, sannan suka haɗu da Consuelo Mendez da Irene Perez suka zama Mujeres Muralistas, wato mata masu zanen bango. A 1974 suka yi babban zanensu, Latinoamérica, a titin Mission. Maza a lokacin sawun manyan masu zanen bango na Meziko, Rivera da Orozco da Siqueiros, suke bi, jarumai da gwagwarmaya da jini. Su kuwa suka cika bango da masara, da iyali, da yara, da tufafin gargajiya na ƙasashen Latin Amurka. Wannan zane ya tafi, haka ma Para el Mercado da suka yi a shekarar tare da Susan Cervantes. Don haka a buga hotunansu a takarda babba, a sa a leda mai tauri, a ɗaga wa mutane a bakin Balmy. Idan ba a yi haka ba, mutane za su tafi da tunanin cewa a 1994 mata suka fara hawa tsani. Sannan a nuna musu zaren: Irene Perez tana cikin na 1974 tana kuma cikin na 1994, Susan Cervantes kuma ita da mijinta Luis suka kafa Precita Eyes a 1977.

A cikin Balmy a tsaya a na Miranda Bergman da O'Brien Thiele na 1984, daga aikin PLACA da aka yi don nuna adawa da yaƙe-yaƙen Amurka ta Tsakiya. Gefe ɗaya iyaye mata riƙe da hotunan 'ya'yansu da aka ɓatar, ɗaya gefen amfanin gona da yalwa. Sai Mission Makeover na 2012, na Lucia Ippolito da mahaifinta, kan tsadar haya da ke korar tsofaffin mazauna unguwar. Irin waɗannan a faɗa ƙarara cewa haɗin gwiwa ne da namiji.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai Anti, na gode Baban Sadik. To me ya sa wasu ke ɓacewa haka? Yara za su tambaya, ina so a sami amsar da za a ba su.

Malam Ɗanjuma Mai Fenti:

Hajiya, kusan duk zanen da za ku gani a waje fentin akirilik ne. Ana wanke bango, a cike tsaga, a shafa farin fenti na ƙasa sau ɗaya ko biyu, a raba bangon gida-gida da layuka don a kwafo ƙaramin zanen takarda ya zama babba, a yi fentin, a rufe da mai mai sheƙi. Wasu na ƙara shafen kaki a sama, don idan aka yi wa zanen fesa sai a wanke kakin da ruwan zafi ya tafi da ɓarnar, a sake shafawa.

Abin da ke kashe shi uku ne. Rana tana cin ja da ruwan ɗorawa da shunayya kafin sauran launuka, musamman a bangon da ke kallon kudu ko yamma, shi ya sa tsohon zane ke komawa shuɗi-shuɗi. Ruwa ya fi rana ɓarna, kuma ba na sama da ke dukan fuskar ba, wanda ke shiga ta rufi ko ta indararo ya biyo bayan fentin. Shi ke tura gishirin siminti waje, ka ga farin gari da ƙuraje, sai fenti ya ɗago kamar ɓawo. A Balmy kuma yawancin zanen a kan shingen katako da ƙofofin gareji yake. Katako na kumbura da damina ya tsuke da rani, fenti ya tsage a mahaɗar alluna, ranar da mai gida ya canza ƙofa kuma zane ya tafi.

Kusurwar York misali ce da za a nuna wa yaran. A bangon nan Juana Alicia ta yi Las Lechugueras a 1983, kan mata masu girbin latas da maganin ƙwari da ake fesawa a kansu. Da ya lalace, ta yi sabo a wurin a 2004, La Llorona's Sacred Waters, kusan duka da shuɗi. Ruwa ne jigonsa: boren mutanen Cochabamba a Bolibiya a 2000 kan miƙa ruwan sha ga 'yan kasuwa, da masu adawa da madatsun kogin Narmada a Indiya, da matan da aka kashe a Ciudad Juárez. A riƙe hoton tsohon a gaban sabon.

Ta fuskar doka, akwai ta tarayya ta 1990 mai kare haƙƙin masu zane, wadda ta ce idan zanen zai ciru daga bango ba tare da ya lalace ba, mai gini ya ba mai zanen sanarwar kwana 90 kafin ya shafe. Kalifoniya na da tata tun 1979. Hoto kuwa ku ɗauka, na tunawa babu laifi. Amma haƙƙin mallakar zanen na mai zanen ne ko da a titi yake, don haka bugawa a riga ko kalanda ko tallan kasuwanci sai da izini a rubuce. Idan za a sa a Facebook a rubuta sunan wadda ta zana.

Hajiya Binta:

Ni dai ban goyi bayan shiga Clarion da yara ba. Zanen cikinsa na canzawa akai-akai, wani na ɗauke da kalmomi masu nauyi, kuma da safe lungun ba kullum yake da tsabta ba. Daga tashar ku bi titi na 16 zuwa Valencia kai tsaye, mintunan da kuka rage ku ƙara su a Ginin Mata.

Sannan 'yar uwa, ki sanar da mutanenki tun a gida cewa akwai siffofin allolin gargajiya na wasu al'ummu, kuma babbar siffar da ke saman fuskar titi na 18 mace ce mai ciki ba tufafi. Wadda ba ta son ganin haka, sai ta haɗu da ku a Balmy. A Balmy ɗin kuma bayan gidajen mutane ne: kada a jingina da bango, kada yara su taɓa fenti, a rage murya, kuma a sa mutum ɗaya a baya yana duba motar da za ta fito daga gareji. Kowa ya zo da rigar sanyi mara nauyi ko da rana ta fito, iskar garin na tasowa da tsakar rana.