In ajiye aikina in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, ko in zauna inda nake?

Mai Neman Haske: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Shekara 9 ke nan ina aikin akanta, ina da mata da yara biyu, mahaifiyata kuma tana hannuna. Tun ranar da aka yi mana wa'azi a kan Ibrahim, wanda ya bar Haran yana da shekara 75 ba tare da sanin inda za shi ba, hankalina bai kwanta ba, domin na ga rayuwata ta zama daga gida sai ofis, daga ofis sai sujadar Lahadi. An ba ni gurbin karatu na shekara 3, kuma ana jiran amsata kafin ƙarshen wata. Matata ba ta hana ni ba, amma har yau ba ta ce "to" ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa tsayawa a wannan mararraba su faɗa mini abin da suka gani.

Ɗan Mawaƙa: Ɗan'uwa, tafi kawai tun kana da ƙuruciya, kafin nauyin iyali ya ƙaru a kanka.

Tsohon Mai Bishara: Ɗana, ni na tafi, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Na ajiye aikin koyarwa saboda wata ƙungiya ta yi alkawarin ɗaukar nauyin iyalina. Wata 7 suka biya, daga nan sai wasiƙun ƙarfafa zuciya. Ba na manta ranar da aka koro 'yata daga makaranta, na dawo na same ta a bakin ƙofa rungume da jakarta, ta ƙi shiga ɗaki don kada mahaifiyarta ta gan ta tana kuka. A makon da aka koro ta ne matata ta sayar da keken ɗinkinta. Da na kai kuka, aka ce bangaskiyata ce ta yi rauni. Ban bar Ubangiji ba, amma na gane dalilin da ya sa ya ce a Luka 14 wanda zai gina hasumiya ya fara zama ya lissafta abin da za ta ci.

Mai Shaida: Baba, Allah ya warkar da wannan rauni. Sai dai ni ikkilisiyarmu ce ta biya mini komai, ko kuɗin littafi ban cire daga aljihuna ba.

Tsohon Mai Bishara: Ni kuwa ajiyar shekara 6 ce ta tafi a shekara guda. Kuɗin makaranta ba shi ne abin tsoro ba, bakunan da ka bari a gida su ne.

Uwar Zumunta: Ɗana, shekara 22 na yi ina aikin jinya, kuma na taɓa jin irin wannan ƙishi. Abin da ya sauya mini tunani wani dare ne da na zauna kusa da wani tsoho da ba shi da kowa, ina jiƙa masa leɓe da auduga, ya riƙe hannuna har ransa ya fita da asuba. Daga ranar nake fita aiki da addu'ar Ubangiji ya nuna mini wanda ya aiko ni dominsa yau, kuma ba rana biyu da suka yi kama. Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila a Koranti, inda ya zauna shekara ɗaya da wata shida yana koyar da Magana. Kai ma, ranar da aka matsa maka ka sauya lissafi ka ƙi, ka riga ka fita daga Haran ɗinka.

Almajirin Kalma: Mama, da girmamawa, batun kira na fasto da dattawan ikkilisiya ne, ba na wanda bai taɓa shiga hidima ba.

Uwar Zumunta: Ashe abin da na yi a daren nan ba hidima ba ne? Wanda ya fi cancanta a saurara ma ita ce matarsa, wadda shirunta magana ce.

Ɗan Mawaƙa: Ni dai ina gargaɗi, wanda ya guje wa kira ya tambayi Yunana yadda masaukin kwana uku a cikin kifi yake.

Malamar Lahadi: Maganar Almajirin Kalma ce ta taɓa mini inda yake ciwo. Shekara 14 nake koyar da yara a makarantar Lahadi, ba a taɓa kiran mu gaba an yi mana addu'a ba, alhali duk wanda zai tafi karatun tauhidi sai an ɗora masa hannu. Dokas riguna ta ɗinka wa gwauraye, amma sunanta yana cikin Ayyukan Manzanni 9. Ta yaya matashi ba zai ɗauka cewa sai a kan bagade ake bauta wa Allah ba?

Mai Shaida: Ku ma da sauƙi. Masu share majami'a tun kafin gari ya waye, ko a sanarwar ƙarshen shekara ba a ambaton su.

Mai Neman Haske: Na gode muku duka. Shin akwai wanda ya taɓa haɗa karatun da aiki, yana zuwa aji da yamma?

Malamar Lahadi: Kuma ko littattafan yaran, mu malamai ne muke saya da kuɗinmu, mun rubuta wa dattawa sau biyu ba amsa.