Neman shawara: yaya zan rataye kan elk mai nauyi a bango ba tare da ya faɗo ba?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Ina zaune a Colorado ta Amurka, wani maƙwabcina dattijo mafarauci ne zai koma gidan 'yarsa shi ne ya ba ni kyautar kan elk ɗin da ya harba tun da daɗewa, irin wanda ake jeme fatar a ɗora kan wani abu mai siffar dabbar a sa mata idon gilashi ka ganta kamar mai rai. Ga wanda bai san elk ba, dangin barewa ce amma ta kusa doki girma, ƙahonta kuma reshe-reshe. Na hau sikeli da shi sannan na cire nauyina, kilo 27 ya rage, kuma daga bayansa zuwa hanci ya kusa mita ɗaya. Bangon gidajen nan kun san allon jifsam ne kawai, ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo. Uwargida ta ce in dai sama da kujerar da yara ke kallo zan sa shi to ba ta yarda ba. Wace irin ƙusa zan yi amfani da ita?

Injiniya Kofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ne, ka samu rol bolt mai lamba 10, irin ƙusar ƙarfen nan da ke buɗewa ta kama cikin bango in an murɗa ta, ka huda da injin ka ɗaure shi tamau, da shi muke kafa hita da manyan talabijin kuma ba ya motsi. Sai dai in bulo mai rami ne kar ka yarda da fisha ta roba da ake cusawa a rami a murɗa sukuru a ciki, ka nemi wajen linta inda aka zuba kankare.

Kafintan Minnesota:
Injiniya Allah ya ja kwana, shawararka ta bangon Kano ce, a nan in ya sa rol bolt a jifsam hannu kawai zai sa ya zare shi don kaurin allon rabin inci ne kuma garin alli ne a tsakanin takarda biyu. Baban Hanifa abin da za ka nema shi ne katakon da ke tsaye a bayan allon, yawanci inci 16 ne daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, faɗinsa kuma inci ɗaya da rabi ne kacal shi ya sa dole ka sami tsakiyarsa, in ka kama gefe katakon tsagewa zai yi kuma ba za ka gani ba tunda yana ciki. Akwai 'yar na'urar neman katako mai arha, in babu ka ja maganaɗisu a jikin bango zai manne inda kan sukurun allon yake, nan katakon yake. Ni dai ban yarda da na'ura ita kaɗai ba sai na soka siririyar ƙusa hagu da dama na tabbatar da bakinsa biyu.

Abin da mutane ba sa lura da shi, ba kilo 27 ɗin ne matsalar ba, inda nauyin ya zauna ne. Madubi mai kilo 27 a manne yake da bango ƙasa kawai yake ja, shi kuwa wannan wuya ya miƙo ƙaho ya baje, ƙasansa na tokare bango samansa na fizgo ƙusar waje kamar yadda kake zare ƙusa da bayan hama. Ka ɗauki bokitin ruwa a gefenka sannan ka miƙa hannu da shi gaba ka ji bambanci. Shi ya sa lambar da ake rubutawa a kwalin maƙalan jifsam wai suna ɗaukar kaza ba ta da amfani a nan, lissafin jan ƙasa ne.

Ka sayi babban sukuru mai kan noti, kauri 5/16 na inci, tsawo inci 3, ka fara huda ƙaramin rami kafin ka murɗa shi, ka bar kansa a waje daidai yadda ƙarfen ratayar da ke bayan kan elk ɗin zai zauna. In kana huda ka ji ƙarfe ka tsaya nan take, faranti ne da ake sawa don kare wayar lantarki ko bututun ruwa, kuma ka guji katakon da soket ko makunnin wuta ke jikinsa. In wurin da kake so bai dace da katako ba sai ka gicciya katako mai kauri ya kama biyu daga katakon cikin bangon, ka rataya a kansa.

Maman Ikram:
Ni ina bayan uwargida wlh, ko da me aka ɗaure shi kar a sa shi saman inda ake zama ko kwanciya. Kuma ka tambayi dattijon shekarar da aka haɗa shi, na da can kafin shekarun 1980 da yawa da gubar asenik ake shafe fatar don ƙwari, in tsoho ne haka kar yara su taɓa kuma ka sa safar hannu. Ka nisanta shi da taga da wajen hura ɗumi, rana na kashe launin gashin zafi kuma na tsaga fatar wajen hanci da kunne.

Kafintan Minnesota:
Na manta, ka auna daga ƙarfen ratayar zuwa tsinin ƙaho kafin ka huda komai, silin ɗin yawancin gidaje ƙafa 8 ne kuma sai ka ɗaga kan ya ɗan wuce sukurun kafin ya zauna, na ga wanda ya gama huda ƙaho ya tokare sama. Ka duba ko ƙahon na cirewa ne, ana yin wasu haka. Shi ma ƙarfen bayan ka girgiza shi ka gani, in katakon jikin kan elk ɗin da ya kama ya ruɓe aikin banza ka yi. Mutum biyu tsani biyu, kar ka ɗaga da ƙaho ko kunne.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Dattijo ya ce 1998 aka haɗa shi, ƙahon ba ya cirewa. Na auna, falo ba zai yiwu ba silin ya yi ƙasa, sai bangon wajen matakala inda ya fi tsawo, na sami katakon ma har na yi alama da fensir. Injiniya rol bolt ɗinka na ajiye sai na dawo gida. Asabar ƙanina zai zo da tsani mu gwada.