Abin da aka tattauna kan likitan gaggawa da asiransi a Damagaram

Jama'a maganar da aka yi kan inda za a samu likitan gaggawa da yadda asiransi, wato inshorar lafiya, ke aiki a Damagaram ta yi tsawo, ga abin da na tsinta a ciki.

1. Kowa ya yarda in abu ya yi tsanani, hatsarin moto ko mutum ya suma ko numfashi ya ɗauke, ba lokacin zaɓen likita ba ne, a wuce urjans, wato sashen gaggawa, na babban asibitin Damagaram, in ba mota a kira ƴan kwana-kwana a 18. Mai ciki kuma asibitin uwa da yaro.

2. Binciken likita tun ana lafiya ake yinsa. Na gaskiya yana da rajista a ƙungiyar likitoci ta ƙasa, kuma tambarinsa na kan ordonansi, wato takardar magani, da sunansa da fanninsa. Da yawa sun ja kunne cewa ba duk mai farar riga ne dokta ba.

3. Nan aka rabu kan zuwa kilinik (asibitin kuɗi) ko babban asibiti, wasu sun ce kilinik ta fi sauri, wasu suka ce in ciwon ya yi nauyi babban asibitin za su turo ka, ka yi asarar lokaci da kuɗi. Ni dai na fi karkata ga na biyun wallahi.

4. Asiransi: ka kira kamfaninku ko mutuwel ɗinku, wato asusun taimakon juna na lafiya, su ba ka sunayen asibitoci da farmasin da suke aiki da su, ka tambayi kashi nawa suke biya, don wani wurin sai ka biya tukuna a maida maka, shi ya sa aka ce a adana kowane rasit. Katin asiransi ya zauna a aljihu, da ɗan kuɗi a ajiye saboda maganin dare.

5. An tuna cewa tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma wasu sun ce magani kan yanke sai an saya a waje.