Rediyon soja na gwanjo: wanne ya kamata in saya don gajeren zango?

Ɗan_Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara, na daɗe ina sha'awar mallakan irin tsofaffin rediyon nan na sojoji da ake gwanjonsu a Turai da Amurka, ina ganinsu a eBay kala kala. Burina in riƙa kamo tashoshin gajeren zango da daddare, nan gaba kuma in Allah ya yarda in nemi lasisi in fara magana da 'yan uwa masu sha'awar rediyo na wasu ƙasashe. Wani ya min tayin PRC-77 wai tana aiki lafiya lau harda eriyarta da abin magana, to shin zata min wannan aikin ko in haƙura in nemi wata?

Baba_Mai_Gyara: Wa alaikumus salam yarona. PRC-77 ba zata maka ba ko kaɗan, karka zuba kuɗinka. Ita wannan ta lokacin yaƙin Biyetnam ce, sojan Amurka ke goya ta a baya, kuma daga 30 zuwa wajen 76 MHz take aiki a FM, shi kuwa gajeren zango yana ƙasa da 30 ne gaba ɗaya, kaga kenan ko BBC Hausa ɗaya ba zaka ji a cikinta ba balle DW ko RFI. Abinda mai lasisi zai iya da ita kawai shine zangon da masu sha'awar rediyo ke kira mita 6, wato wajen 50 MHz, kuma wa zaka samu a can ku yi magana?

In sauraro kake so tsantsa to R-390A ce sarauniya, zanen kamfanin Collins ce tun shekarun 1950, tana kamawa daga 0.5 har 32 MHz, kuma wallahi muryar da take fitarwa in an gyara ta da kyau har yau da wuya ka samu irinta. Amma fa nauyinta ya kusa kilo 40, kuɗin ɗauko ta kawai zai iya fin kuɗin sayenta, ga ta da bawul (ƙwayayen gilashin nan na tsofaffin rediyo) sama da ashirin a ciki waɗanda ba zaka samu a Sabon Gari ba sai kayi oda. Sannan duk wanda ya saye ta kafin ya jona wuta ya fara canja kafasito ɗin nan C553, domin in ya ƙone yakan tafi da filtocin ciki, su kuma tsada ne dasu.

Mai_Eriya_Damagaram: Gaskiyar Baba ce. Ni a ganina in mutum na son wadda zai saurara kuma yayi magana to Clansman PRC-320 ta sojan Ingila tafi dacewa, 2 zuwa 30 MHz, tana aiki da batir 24V kaga da batir biyu na sola an gama, ba ruwanka da ɗauke wuta. Matsalarta biyu, ta farko a cikin salon aika murya na SSB mai iri biyu, USB da LSB, USB take dashi babu LSB sai an mata gyara, alhali a zangon mita 40, wato wajen 7 MHz, kowa LSB yake yi, ta biyu kuma ba'a murɗa ta a yi yawo ana neman tasha kaman rediyon gida, lamba lamba ake saitawa da maɓallai sai ka riga ka san inda tashar take. Batirinta na asali kuwa karka ma sa rai, yawanci sun mutu tuntuni.

Hajiya_Kaduna: Malam kafin maganar wacce tafi kyau ka duba halin da ake ciki a arewa tukuna. Akwatin ƙarfe kore mai doguwar eriya, a wannan lokacin na 'yan bindiga, in aka tsare ka dashi a shingen jami'an tsaro bayani zai maka wuya sosai, ko oba-oba ta kasuwa ana tuhumar mutum akanta balle ta soja. Shigo da irin waɗannan kayan yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, in babu kwastam zasu riƙe. Ka fara da neman lasisin da lambar kiranka mai farawa da 5N, ka nemi 'yan ƙungiyar NARS, wato ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Najeriya, su nuna maka hanya, kafin nan ka sayi ƙaramar Tecsun mai SSB irin PL-660 ka ɗaura waya doguwa a saman ɗaki nesa da inbata da ƙwayayen LED saboda ƙarar da suke jawowa, zaka ji 'yan mita 20 suna hira a wajen 14 MHz da yamma.

Ɗan_Fagge: Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na fasa PRC-77 ɗin, zan fara da Tecsun kaman yadda Hajiya tace. Baba dan Allah wayar eriyar nan mita nawa ya kamata tayi, kuma wayar wuta ta gida zata yi?

Baba_Mai_Gyara: Zata yi sarai. Mita 10 zuwa 15 ya isa, in ta wuce haka ƙaramar rediyo sai tashoshi su riƙa hawa kan juna. Ka ɗaga ta sama yadda zaka iya, kar ta kusanci wayar NEPA, kuma da ka ga hadari ya haɗo ka cire ta daga jikin rediyon saboda tsawa.